Mai Gangar Da Na So In Goge Daga Waƙoƙinmu

Shekarun baya, lokacin da sumata take cike kuma tumbi bai fito ba, na taɓa zama mawaƙi. Na san waɗanda suka san ni a shagon takin zamani za su yi dariya, amma gaskiya ce. Mu uku ne a Birnin Kudu. Ni nake rerawa. Akwai abokina mai jita, ɗan wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, wanda a coci ya koyi kaɗawa. Sai abokina mai ganga, ɗan Gwaram, da yake zaune wajen kawunsa yana karatu a garinmu. Ba mu da ubangida, ba mu da studiyo. A zauren gidanmu muke haɗuwa bayan la'asar, mu ɗora rediyo mai kaset a kan benci mu danna jan maɓalli. Mahaifiyata takan ce har awakinta sun rame saboda mu.

Mun yi kusan shekara uku a haka, har aka fara gayyatarmu bukukuwa. Bikin da ya raba mu a Gwaram aka yi shi, na yayan abokina mai ganga. Muna tsakiyar waƙar da muka fi ji da ita sai komai ya dagule: ni ina gaba, ganga tana baya, mai jita ya rasa wanda zai bi. Mutane suka fara dariya. Ni kuma da zafin kan ƙuruciya na riƙe makirufo na ce, "Jama'a a yi haƙuri, mai gangarmu ne ya rikice yau." A garinsu ne fa, kuma a gaban danginsa. Ya ƙarasa waƙar, ya ajiye sandunansa, bai sake taka zaurenmu ba. Ba a jima ba aka yi wa mahaifiyar mai jita canjin wurin aiki suka koma Jos, shi ke nan ƙungiya ta watse.

Shekara da shekaru, duk wanda ya tambaye ni dalili, amsata ɗaya ce: mun yi rashin sa'ar makaɗi, mutum ne nagari amma ba ya iya riƙe kiɗa. Na maimaita maganar har na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Idan muka haɗu da shi a ta'aziyya ko suna mukan gaisa a mutunce, kowa ya kama gabansa.

Wata rana mai jita ya kira ni daga Jos, ya ce ya tsinci tsofaffin kaset-kaset ɗinmu a akwatin mahaifiyarsa. "Mu zaɓi waƙoƙi goma mu yi kundi ɗaya," in ji shi, "ko don 'ya'yanmu su yarda ba ƙarya muke ba." Ya ba direba ya kawo min su, na kai wa wani mai studiyo a garinmu wanda kwamfutarsa take iya raba murya da kiɗa. Da na ji haka sai na ce masa ya cire gangar gaba ɗaya, ya sa kiɗan kwamfuta a madadinta. Har da ƙarin bayani na yi masa, irin na masana.

Bayan kwana uku ya ce in zo. Na same shi yana sosa ƙeya.

"Alhaji, kiɗan kwamfutar ya ƙi zama da muryarka."

"Ai na gaya maka, mai gangar ne ya ɓata lissafin."

"To zauna ka ji wani abu."

Ya kunna farkon wata waƙa, inda ganga take tafiya ita kaɗai kafin in shigo, ya haɗa ta da wani ƙas-ƙas da kwamfuta take yi don auna saurin kiɗa. Suka tafi tare daram, babu ko gargada. Sai ya cire gangar, ya bar muryata da ƙas-ƙas ɗin. Ban taɓa jin abin kunya irin wannan ba. A baitin farko ina gudu kamar an biyo ni, a amshi in ja kamar mai jin barci, can kuma in sake zabura. Ya mayar da gangar, nan take waƙar ta koma daidai.

"Ka gani," ya ce a hankali, "mutumin nan bin ka yake. Ka yi sauri ya yi sauri, ka lafa ya lafa. Kwamfuta ba za ta iya wannan ba. Ni dai da zan samu irinsa da na ji daɗi."

Muka gwada waƙa ta biyu, ta uku, har ta goma, ina fatan ko guda ɗaya za ta wanke ni. Babu wadda ta wanke ni.

Ranar Asabar na sa waƙoƙin a waya na hau mota zuwa Gwaram. Na same shi a ƙofar gidansa a gindin darbejiya, ya kwance injin ban ruwa yana gyarawa, don sana'arsa ke nan yanzu. Ya ɗago ya ce, "A'a, mawaƙi ne da kansa? Lafiya dai ko?" Bayan mun gaisa an kawo ruwa, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na daure na faɗa masa abin da na ji a studiyo, har da niyyar da na yi ta goge shi.

Ya yi murmushi yana share hannu da tsumma. "Ai na sani. Mai jita ma ya sani. Kai idan waƙa ta yi maka daɗi gudu kake, idan numfashi ya ƙare ka taka birki. Ni kunnena kullum yana bakinka."

"To ranar bikin fa?"

"Ranar bayan lasifika suka ajiye ni, kusa da janareto. Ko kalma ɗaya ban ji daga bakinka ba. Sai na kaɗa waƙar yadda take."

Wato ranar da na tozarta shi ita ce rana ɗaya tak da ya yi kiɗansa ba tare da ya ɗauki nauyina ba.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Da ina da baki irin naka ai da ba ganga zan kama ba."

Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Na tambaye shi ko yana taɓa kiɗa har yanzu. Ya ce tun ranar bai sake ba, 'ya'yansa ma ba su san ya taɓa yi ba. Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin damina, babu ɗaci a muryarsa. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tuntuni. Da na kunna masa waƙar farko sai yatsunsa suka fara bugun tankin injin. Kafin muryata ta zabura a baiti na biyu, yatsun sun riga sun ƙara sauri. Bai manta inda nake tuntuɓe ba.

Kundin ya fita da gangarsa yadda take, kuma sunansa muka sa a farko. Ba mutane da yawa suka saurara ba, yawanci dangi ne da tsofaffin 'yan makaranta. Ni dai tun daga lokacin, idan na ga al'amurana suna tafiya sumul a gida ko a shago, nakan tsaya in duba wane ne yake gyara tafiyarsa saboda ni. Sau da yawa matata ce.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya zo ne daga baya. Babbar 'yarsa ta kira ni ta gaishe ni, ta ce sun ji waƙoƙin, sun kasa yarda Babansu ne. Ta ce ta tambaye shi me ya sa ya daina.

Na ce, "Me ya ce miki?"

"Ya ce aiki ne ya yi masa yawa, Kawu."