Shirun da Yaya Iliya Ya Bar Mana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Iliya a bayan cocinmu, gab da bakin kanal, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba. Waɗanda suka san shi sun san wurin, waɗanda ba su san shi ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare na ajiye biro na ɗauki fartanya, saboda haka mai neman zaƙin baki ya juya shafi. Abin da na gani zan faɗa.

Mu Hausawa ne Kiristoci, gidajenmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi. Noman rani muke kamar kowa: tumatir, albasa, alkama. Ruwan kanal kuwa rabo ne, kowane layin gonaki da ranarsa. Namu layin, ranarsa ta faɗo Lahadi. Ruwa ba ya jira a ce amin. In ka bari ya wuce ka, sai wani mako, kafin nan tumatir ɗinka ya yi yaushi kamar kunnen tsohuwar akuya. Saboda haka duk safiyar Lahadi da rani, tsofaffi da mata ne a coci, mu samari muna can tsundum cikin fangali muna ban ruwa. Baba Audu, babban dattijon ikkilisiyarmu, kullum sai ya yi wa bencinan da babu kowa faɗa, wai mun sayar da ranmu a kan kwandon tumatir.

Yaya Iliya ne ya miƙe a taron dattawa. Ya taɓa zaman koyon kanikanci a Zariya, can ya koyo kaɗa jita. Ya ce, "Baba, Allah na safe shi ne na yamma. In yaran nan ba za su iya zuwa da safe ba, a buɗe musu ƙofa da yamma, ni zan yi musu jagora." Baba Audu ya kalli jitar da ke rataye a bayansa ya ce, "Da wannan? Kayan gidan giya a ɗakin Ubangiji? Sai dai bayan raina." Sai da aka zauna sau uku. Daga ƙarshe fasto ya ce a gwada rani ɗaya a gani.

In na tuna kayan da muka fara da su, dariya ke kama ni. Jita ɗaya, lasifika ɗaya da muke jona wa batirin mota, Saratu da Rifkatu a murya, ni kuma a ganga. Gangar ma Yaya ne ya ɗinka ta da fatar akuyar Kirsimeti. Waƙoƙin shi yake tsara su da Hausarmu ta gona, a kan iri da ƙishi da ruwan da ke zuwa ba don ka isa ba. Muna tashi daga ban ruwa bayan la'asar, mu ɗauraye ƙafa a kanal, mu shiga coci ana jin warin albasa a jikinmu. Ranar farko ɗakin ya cika har taga. Na doki gangar nan kamar ta yi mini laifi. Rana ta faɗi ban sani ba.

Washegari muna bakin gona sai ga Malam Sale, ladanin masallacin da ke tsallaken kanal, wanda gonarsa ke iyaka da tamu tun zamanin iyaye. A lokacin ba shi da lasifika, da maƙogwaronsa yake kira, muryar kuwa siririya ce. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka taɓa zancen tsutsar tumatir. Sai da zai tafi ya ce, "Iliya, jiya kiɗanku ya yi daɗi. Sai dai na kira magariba, ni kaɗai na ji kaina. Mutanen gonakin ƙasa sai da duhu ya yi suka shigo." Ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Lahadin da ta biyo, kafin mu fara, Yaya ya kafa doka. Ya ce da zarar Malam Sale ya ɗaga murya, shi zai ɗaga hannu, kowa ya tsaya ko da a tsakiyar baiti ne. A zauna, kowa ya sunkuya ya yi addu'arsa a zuci, har sai an sallame a tsallake, sannan mu ɗora daga inda muka tsaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni ne na fi kowa ƙin wannan doka. Jinina na tafasa a lokacin. Na ce mu ma ai ibada muke, don me za mu haɗiye tamu saboda ta wani? Na ce tsoro ne kawai aka yi wa riga. Mako biyu na bi don dole. A na uku, Yaya ya ɗaga hannu, jita ta yi shiru, mata suka yi shiru, ni kuwa na ci gaba da duka, ina kallon cikin idonsa. Ya ajiye jitar, ya tako a gaban jama'a, a gaban yarinyar da nake nema, ya zare gular daga hannuna ya soke ta a aljihunsa. Ya ce a hankali, "Habila, zauna." Na fice. Wata biyu ban taka cocin ba, ba na amsa gaisuwarsa, muna ci a akushi ɗaya ina juya masa ƙeya. Ya rasu ban taɓa buɗe baki na ce masa shi ke da gaskiya ba. Wannan na nan a wuyana har yau.

Abin da ya dawo da ni ba wa'azi ba ne. Mahaifiyarmu ce ta ce in raka ta, ƙafarta na ciwo. Na zauna a bencin baya ina cin magani. Da hannun Yaya ya tashi, ɗakin ya yi tsit, sai na ji abin da ban taɓa ji ba ina kan ganga: kukan ruwa a kanal, tattabaru na komawa, muryar Malam Sale can siririya, da shessheƙar wata tsohuwa da ɗanta ya tafi Legas bai dawo ba. Samari da ba sa iya zaman minti ɗaya sun sunkuyar da kai. Baba Audu, wanda ya ce sai bayan ransa, ga shi a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Daga baya ya ce shi jitar har gobe bai yarda da ita ba, shirun yake zuwa sha.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da rani ya zagayo, Malam Sale ya zo da dattawan layinsu har ƙofar gidanmu. Ranar ruwansu Juma'a ce, su ma tana matse su. Ya ce, "Mun yi shawara. Ku ɗauki Juma'a, mu ɗauki Lahadi." Babu takarda, babu sa hannu, goro kawai aka fasa. Tun daga nan samarinmu suka koma zuwa sujadar safe, amma ta yamma ba ta mutu ba, don ta riga ta shiga jini. Ranar da Yaya ya rasu bayan jinyar sati biyu, mutanen tsallake ne suka riga mu isa da diga da shebur.

To yau fa? In Yaya ya leƙo, da farko zai yi murna, ban hana ba. An rushe cocin laka an yi na bulo. Ɗansa Ayuba ne ke jan mawaƙan, ya gaji muryar uban har da yadda yake karkatar da wuya. Akwai kibod, akwai ganguna jere kamar tukwanen mai abinci, akwai lasifikoki huɗu kowacce ta kai buhun shinkafa. Rabin waƙar Turanci ne da suka kwaso a waya, tsofaffi na motsa baki ba su san me suke faɗa ba. Wannan duk zan iya haɗiyewa, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Abin da ya tsaya mini shi ne babu mai ɗaga hannu. Shekara uku ke nan. Ba wanda ya soke dokar, bari aka yi ta bushe kamar fangalin da aka manta. Malam Sale ya rasu, ɗansa Nasiru ke kira yanzu, shi ma ya ɗaura nasa ƙahon lasifikar a kan dogon ƙarfe. Duk magaribar Lahadi sai ka rantse zakaru biyu aka saka a akurki ɗaya. Kowa na ƙure murya, ba mai jin kowa.

Ni ma ban da bakin zargi. Ina gani na yi shiru, na ce ba ruwana, tunda sun mai da ni tsohon yayi, ko gaisuwa sai sun ga dama. Sai a farkon ranin nan, a kasuwar Bunkure, wani daga layin tsallake ya tare ni ya ce, "Habila, yaranmu fa sun fara magana. Sun ce Lahadin nan da muke karɓa, don me? A mai da kowa ranarsa." Na san abin da hakan ke nufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ruwan kaɗai za mu rasa ba.

Na sami Ayuba na faɗa masa. Ya yi murmushin nan nasu ya ce, "Baffa, ai zamani ya wuce nan. Su ma suna da lasifika. In muna cikin ruhu ba a katse mu." Na ce ubanka a cikin me yake lokacin da yake katsewa, cikin kwata? Ya sosa ƙeya ya ce za su duba. Ba su duba ba.

Lahadin da ta wuce, wadda ta zo daidai da kwanan rasuwar Yaya, na sa rigata ta kirki na zauna a bencin gaba. Waƙa ta yi zafi, ƙasa na girgiza. Ta taga na ga rana ta taɓa kan alkama, na ji ƙahon Nasiru ya yi tari. Na miƙe da gwiwata mai ciwo na ɗaga hannu. Babu wanda ya kula. Sai na taka har gaban mai gangunan, wani ƙato mai askin banza, na kama sandunan biyu na zare na soke a aljihu. Ya zaro ido zai yi magana, na ce, "Zauna." Ayuba ya ce a makirfo, "Baffa, lafiya?" Kafin in amsa, Saratu, wadda yanzu jika huɗu gare ta, ta riga ta zauna ta sunkuyar da kai. Rifkatu ta bi ta. Bencin tsofaffi ya bi. Kibod ya ƙara kuka biyu ya mutu. Ayuba ya dubi matan nan, ya dube ni, ya ajiye makirfon a ƙasa.

A tsallake, Nasiru ya kai rabin kira sai muka ji ya ɗan dakata, kamar wanda ya jingina da ƙofa aka buɗe ta ba zato. Da ya ci gaba, an rage ƙarar ƙahon. Sai ga kukan ruwa a kanal, yana nan yadda muka bar shi.

Ban san ko za su riƙe ba. Yaran yanzu alkawarinsu kamar raɓa ne, kuma ba kullum zan iya miƙewa ba. Jitar Yaya ta tsage tuntuni, gangata gara ta cinye, waƙoƙinsa ba su fi uku da ake tunawa ba. In ka auna, abin da ya rage nasa ba ya ɗaukuwa a hannu: ɗan lokaci ne tsakanin kira da sallama, wanda ya koya wa masu kiɗa su bar wa maƙwabci. Ni da na fi kowa yaƙar abin, ni aka bar wa gadonsa, wannan kuma irin barkwancin Yaya ne.

Shekaranjiya Juma'a na fita gona da sassafe. Na tarar ruwa na gudu a layinmu, Nasiru na tsaye a kan iyaka da fartanyar ubansa. Ya ce, "Baba Habila, an tashi lafiya? Ga ruwanku nan." Yaya, kai ke da gaskiya. Na faɗa, ko da na makara.