Gonar Gadau da bakina a ɗaure

Lauya ne ni, amma ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Kamfanonin da ke hada-hadar kuɗin intanet, kirifto ɗin nan da kowa ke dannawa a waya, su nake rubuta wa yarjejeniya. Da Legas ta ishe ni sai na tattaro kwamfutata na dawo Azare, na mai da zauren gidanmu ofis. Daga safe har la'asar ni kaɗai ne da fanka. Abin da ke riƙe ni shi ne majalisarmu a ƙofar shagon abokina tela, wanda muka sha bulalar firamare tare.

Wata rana ya ja ni gefe ya nuna mini wayarsa. Wani kamfani ne ke tallan sabon kuɗinsa. Nan take na gane shi, domin a wannan makon ne kamfanin ya ɗauke ni in tsara masa yadda zai rufe. Na kuma sa hannu cewa zan riƙe sirri. Lauyan da ya tona asirin wanda yake wa aiki, shi da aikin lauya har abada.

Ya ce, "Barista, gonar da na gada a Gadau zan sayar in zuba nan. Ya ka gani?"

Na ce, "Mutumina, kada ka sayar da gona saboda abin da ke cikin waya, ko wane iri ne."

"Ba ko wane iri na tambaye ka ba. Wannan fa?"

"Wannan ba zan iya cewa komai a kansa ba."

Ya ƙura mini ido, ya yi 'yar dariya, ya ce, "To, na gane."

Wallahi bai gane komai ba! A wurinmu idan wanda ya san kan abu ya kama bakinsa, ba a ɗauka amana ce ta hana shi magana. Rowa ce kawai: ya hango wurin ci, ba ya so a taya shi. Na bi shi har gida, na roƙe shi, na yi masa faɗa. Ina ƙara hana shi, yana ƙara tabbatar wa kansa cewa akwai romo. Kafin damina ya sayar.

Da kamfanin ya rufe, ya zo zaure ya tsaya, ko takalmi bai cire ba.

"Ka sani?"

Na ce, "Na sani."

Ya gyaɗa kai ya fita. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ba wanda ya kore ni daga majalisa. Ina sallama ana amsawa, sai dai ba mai matsawa ya ba ni wuri a benci, kuma hira kan mutu har in tafi. Haushi nake ji har yau, don na faɗa masa iyakar abin da aka halatta mini. Amma kewarsa ta fi haushin yawa.

Da matarsa ta haihu, aka raba goro da alawar suna gida-gida a layinmu, aka tsallake ƙofarmu. Hajiya, mahaifiyata, ta riga ta saya wa mai jego turmin atamfa. Ta tambaye ni ina namu goron. Na ce ƙila yana hanya. Ta ce to, ta ajiye atamfar sai ya iso.

Tana nan a ledarta. Yaron kuwa har ya fara tafiya.