Tawaye a Ƙarƙashin Teburin Cin Abinci

Lokacin da muke Silver Spring ina aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya, Mama nake ce mata. Nakan tafi da 'yata, lokacin tana 'yar shekara biyar, don ba ni da wanda zan bar wa ita, kuma ko da akwai hankalina ba zai kwanta ba.

Wata la'asar a farkon zafi muka tura Mama a kekenta na marasa lafiya zuwa filin unguwarsu. Sai ga wuta tana ci, maza da 'yan huluna sun kewaye ta suna waƙa, yara na guje-guje da baka da kibiya na roba. Har na ciro waya zan kira 'yan kwana-kwana, Mama ta riƙe hannuna tana dariya. Ta ce biki ne na shekara-shekara, cikin waɗanda ake tunawa har da wani jaruminsu na zamanin da, wanda ya yi wa Rumawa tawaye da suka hana su bin addininsu. Shi da mutanensa a koguna suke ɓuya, su fito su kai hari su koma.

Wani jikan Mama ya ba 'yata bakansa. Ta tambayi Mama su wane ne Rumawa.

"Masu ba da oda, ba sa tambaya ko kana so," in ji Mama.

Yarinyar nan ta juyo ta kalle ni.

Ranar Lahadi akwai suna a Alexandria, kuma na san matan can, kan yaro suke fara dubawa kafin su gaishe da uwarsa. A gida na ɗauko kibiyar kitso da man kai, na nemi yarinya na rasa. Ashe ta rufe teburin cin abinci da bargo ta shige. Ina leƙawa kibiyar roba ta manne mini a goshi.

"Babu kitso, Mami," ta faɗa da Turanci. "Ke ce Rumawa."

Na kira babanta. Ya dubi goshina, ya ce shi wannan yaƙin ba da shi ba, ya sauka wankin mota.

Sai na buga wa Mama waya. "Mama, don Allah, jarumin nan naku, yaya aka ƙare da shi?"

Can ta ce, a hankali, kewaye su aka yi, aka hana abinci shiga, mutane da yawa suka mutu. Na yi mata jaje, kuma wallahi har zuciyata. Amma ina ajiye wayar na ɗora mai a wuta.

Na soya ƙosai, na zauna a bakin kogo ina ci ina lumshe ido. Hannu ya fito ta ƙarƙashin bargo, na janye farantin.

"Sai an ajiye makami."

Aka turo bakan waje. Muka yi sulhu a kan kalaba manya-manya, ban da jan gashi.

Washegari Mama ta yaba kitson, ni kuma bakina bai iya shiru ba, na ba ta labari duka. Ta girgiza kai.

"Duk labarin nan, ɓangaren Rumawa kika ɗauka?"

Ta jawo yarinyar ta raɗa mata wani abu, ta cusa mata biskit a aljihu. Tun daga ranar, duk sanda na zo shara sai na tarar da biskit a jere a ƙarƙashin teburin, da 'yar gorar ruwa.