Ƙwaron Nana Maryam a Gonar Wake

Shekarar da aka fara sako ruwan dam ɗin Bakolori cikin magudanu, aka tura ni Talata Mafara aikin malamin gona. Ban daɗe da gama jami'a ba, ko'ina ina yawo da ƙaramin ƙamus na Turanci, don tsoron kada in faɗa wa manomi abin da ba daidai ba. A cikinsa na ga cewa spider, sunan gizo-gizo, daga kalmar kaɗin auduga ta fito, wato mai kaɗi, caterpillar kuwa, sunan tsutsa, asalinsa kyanwa mai gashi. Waɗannan ba su amfani kowa ba. Guda ɗaya ce ta yi mini rana.

Akwai wani dattijo daga wajen Maradun, ruwan dam ya cinye gonarsa ta gado, aka ba shi 'yar kadada a bakin magudana. Waken rani ya shuka, shi ne duk abin da gidansa zai ci. Sai wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari suka manne a ganyen suna tsotsewa. Shi kuwa idonsa kan wasu jajaye masu ɗigo-ɗigo yake. Kullum da safe yana tsince su yana jefawa a gwangwanin kananzir.

Na gaishe shi har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce, "Baba, ina jin jajayen nan ba su ne masu ɓarnar ba. Baƙaƙen suke ci."

"Kana ji? Ɗan boko, ni da ido nika gani. Duk wurin da ganye ya mutu suna nan."

Na buɗe ƙamus. Na ce Turawa ladybird suke ce wa jan ƙwaron nan, kuma lady ɗin, wato matar da ke cikin sunan, Nana Maryam ce, mahaifiyar Annabi Isa. An ce manomansu ne suka girmama shi haka don yana tsare musu amfani, ko da yake wannan ban tabbatar ba.

Ya daɗe yana duban gwangwanin.

"Nasara ba shi wasa da sunanta," in ji shi. "Na bar maka kunya ukku. In sun mutu, kai da Allah."

Kwana tara ina zuwa da keke ina juya ganye. A na goma na tarar da gwangwanin a kife. Kunyoyin ukun sun fara fure, shi kuma yana tsugune yana kwasar jajayen a tafin hannu, a hankali, yana kai su sauran gonar.