Baffa Mai Walda, Gajeren da Ke Auna Dogaye

Kullum da an sallame la'asar, Malam Baffa mai walda zai ja ƙofar shagonsa da ke bakin tasha a Gumel, ya gangaro filin ƙwallon kwando da tsintsiya a hammata. Sai ya share filin tas, ya jijjiga kwandunan nan biyu da shi ya lanƙwasa ƙarfensu da hannunsa, sannan ya zo gindin darbejiyar da nake sayar da kunu ya miƙo tafinsa. Ba kunu yake nema ba. 'Ya'yan tsamiyar da na tace nake zuba masa. Shekara ashirin da bakwai ke nan muna haka, ni Kande da shi.

Ban yi boko ba, dokar wasan nan ma har gobe ban haddace ta ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

A irin wannan lokaci rana takan yi laushi, inuwar dogaye ta miƙe har ta taɓo tukunyata, hannayensu na lilo a ƙasa kamar rassan kuka. Ƙwallo ta tashi ta tsaya a sama, ka ce ta manta hanyar saukowa. Kowa idonsa na can. Baffa kaɗai ke kallon ƙasa, yana bin ƙafafu. In ɗan wasa ya zaburo da ƙwallo ya nufi kwando, ya tarar da dogo a tsaye, ya ja da baya ko ya wurga daga nesa ba shiri, sai Baffa ya ɗauki ɗan tsamiya ɗaya daga aljihun hagu ya sa a na dama.

Na taɓa ce masa, "Malam Baffa, me ka ƙirga? Ai ba a yi komai ba."

Ya ce, "Shi na ƙirga, Yaya Kande."

Ya ba ni labarin ƙuruciyarsa a Ɗanzomo, lokacin da gero ya fito da kai, tsuntsayen jan-baki na tasowa kamar hadari. Ya ce akwai mai gadin da zai yini yana harbi da majajjawa, ya tara matattun tsuntsaye a yaba masa, gonar kuwa an cinye rabi. Akwai kuma wanda ya san inda zai tsaya, garken na hango shi ya karkata tun daga sama. Ba ya komawa gida da tsuntsu ko ɗaya. Rumbu ne shaidarsa.

Shekarar da baƙo ya zo daga birni neman dogo guda da zai tsare wa ƙungiyarsu ƙarƙashin kwando, mutum biyu ake magana. Akwai Nasrullahi, ɗan ƙanwar Baffa, wanda in ya yi tsalle ya mari ƙwallo sai ta faɗa bayan katanga, fili ya kaure da sowa. Akwai Dogo Abdulmuhaimin daga Gagarawa Tasha, mai tafiya kamar raƙumin da ya ƙoshi, ba tsalle ba ihu, sai ɗaga hannu da gyara tsayuwa. Baƙon ya rubuta a takardarsa cewa Nasrullahi ya kaɓe ƙwallo shida, Dogo biyu. Ya kusa rufe littafi, sai ya waiwayo.

"Baba, an ce kai ne mai filin. Me ka gani?"

Baffa ya zazzage aljihunsa a kan farantina, ya yi kashi biyu. Ya ce, "Wannan na ɗana ne, sau huɗu aka zo gabansa aka fasa. Wancan na Dogo ne, sau goma sha tara. Ɗana kuma duk tsallen da ya yi a banza ya bar ƙofa a buɗe, sau bakwai aka bi ta bayansa aka jefa. In ya mari ƙwallo waje, abokan gaba ake mayar wa. Dogo in ya cafe, ta zama tamu."

Nasrullahi ya ce, "Kawu, ni fa?"

"Kai ɗana ne a gida. A nan fili ne."

Dogo aka ɗauka. A'i, uwar Nasrullahi, ta yi shekara ba ta amsa gaisuwar yayanta ba. A gabana ta ce masa, "Ka zaɓi bare, tsamiya ta yi maka zumunci." Washegari Baffa ya zo da tsintsiyarsa.

To, ga abin da ya sa na ce a rubuta mini wannan. An gyara filin, an shafe shi da fenti kore, an cire kwandunan Baffa an jefar bayan katanga. Asabar mai zuwa za a buɗe. An buga katin gayyata, an jera sunayen masu zama a rumfa, har da waɗanda in ka ba su ƙwallon za su tambaya ko kabewa ce. Babu sunan Baffa. Kuma na san hannun da ya riƙe biro: Nasrullahi ne sakataren kwamitin. Na same shi na ce, "Kai, ba ka jin kunya?" Ya ce wai rumfa ta masu muƙami ce. Muƙamin me? Baffa idonsa ya tafi, wutar walda ta cinye shi, in bai zauna kusa ba ko inuwar 'yan wasa ba ya gani. Da bakinsa ya ce wannan ne wasan ƙarshe da zai zo, don ya ga dogayensa sun taka sabon fili. Ku 'yan kwamiti, a bayan taro za ku tsayar da shi, gajere, rabin makaho?

Malam Baffa, kai ne ka sa dogayen yaran ƙasar nan suka daina sunkuyar da kai. Da can ana kiran su sandar rake, suna tafe a duƙe don kunya, ka ce musu tsayi amana ce, su tsaya inda ake bukatarsu. Kai ne kake raba faɗa tun bai zama faɗa ba, kai ne kake tsince ƙusa kafin ta sami ƙafa. Daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar akwai magidanta da suka wuce ta hannunka ba su karye ba, ba su lalace ba. Wa zai rubuta wannan a kati? Gajere mai auna dogaye, an gaishe ka. Allah Ya saka maka, Ya bar maka sauran hasken da ke idonka.

Ku masu tasowa, ku koyi kallon ƙasa irin nasa, ku koyi faɗin gaskiya ko da ta faɗa kan ɗan ɗakinku. Ku kuma 'yan kwamiti, kujera ɗaya nake nema, a sahun gaba, ba alfarma ba ce. In Asabar ta yi babu ita, akwai kujerar marigayi maigidana a ɗaki. Zan ɗauko ta a ka, in ratsa tsakiyar filinku mai fenti, in dire ta a gaban shugaban taro, in zaunar da Baffa da hannuna. Wanda ya isa ya zo ya ɗaga shi.