Masarar da Aka Sa wa Yatsa

Uwata ta rasu ina da shekara huɗu. Tun ranar babban yatsana ya shiga bakina, ya zauna. Matar kawuna ta shafa masa ruwan shuwaka, na lashe. Ta shafa barkono, na yi kuka na mayar. Aka gaji aka ƙyale ni.

Iya, mahaifiyar uwata, ba ta taɓa shafa mini komai ba. Masara take gasawa a ƙofar gidanmu a Zongo. Bayan magariba, idan 'yan zemijan, masu haya da babur, da masu dawowa daga kasuwar Tokpa sun gama saye, mu yara sai mu kewaye sauran garwashin. Shekarar da aka fara zaɓe na gaske ce. Maza na gefe sun manne wa rediyo, suna gardama rabi Hausa rabi Faransanci.

Ranar zaɓen Iya ta dawo da tawada a yatsa. A ranar kuma haƙorina na gaba ya fita, na kai mata a tafin hannu. Ta buɗe bakina ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗaga yatsanta mai shuɗi.

"Ladi, kin ga wannan? Yau mun dangwala shi a takarda, an ce yana iya ture har babba daga kujera. Haƙori ne zai gagare shi?"

Ta janyo ni jikinta, ta riƙe hannuna, ta ce mana ga wata tatsuniya nan tafe, a buɗe mata hanya. Muka ce mun buɗe.

Wai wata yarinya ce ubanta ya ba ta gindin masara ɗaya, ya ce nata ne. Da ya yi goyo, kullum sai ta je ta ɗaga ɓawon ta cusa yatsa, ta ji ko ƙwaya ta fito. Ba ta karya komai, taɓawa kawai take yi. Masarar ta yi ta roƙonta ta cire, jikinta da laushi tukuna. Yarinya ba ta ji ba. Ranar girbi kowa ya ɓare tasa, ƙwaya jere reras. Tata kuwa inda yatsa ya saba zama ya zama rami, ƙwayoyin gefe sun baje waje.

Nan Iya ta sa hannu a buhu, ta zaro masara ta ɗaga ta a hasken wuta. Ga ramin. Ga ƙwayoyin a baje. Na sa harshe a giɓina.

"Sababbin naki suna hanya," in ji ta. "Su kuma ba su da canji."

Daga nan kullum wurina a jikinta ne, hannuna a cikin nata, tatsuniya ba ta ƙarewa sai na yi barci. Kafin sabuwar masara ta sake fitowa na daina tsotso. Haƙoran suka fito. Ɗaya ya ɗan leƙo waje, yana nan har yau. Sauran sun jeru.

Na sha wuya bayan rasuwar Iya, ba zan lissafa ba. Da 'yata Zainabu ta wuce shekara uku robar tsotso na bakinta, na ga haƙoranta na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa. Na kai ta asibiti. Likita ya ɗauko muƙamuƙin roba, ya ce ƙashin bakin yaro da laushi, yatsa ko roba yana tura na sama gaba a hankali. Ya ce idan an daina da wuri, sau da yawa bakin yakan gyara kansa.

Na tsura wa muƙamuƙin ido. Masarar Iya nake gani a hannunsa. Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba.

A hanyar gida na gane sauran. Tsoron masarar kwana biyu ya yi mini. Ba shi ya raba ni da yatsa ba. Iya ta san abin da nake nema a cikin yatsan nan, kuma ta san shuwaka ba ta maganinsa. Shi ya sa ba ta saki hannuna ba.

Da yamma na ɓoye robar. Zainabu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na zaunar da ita a jikina, na riƙe hannunta. Ni ban iya tatsuniya ba, guda ɗaya na sani. Sau uku na faɗa mata kafin ta yi barci.