Ƙwaryar Malamar Aji Biyu

Lokacin da muke zaune a Zango, autata ba ta son makaranta. Kullum da safe sai kuka, har mahaifinta ya fara cewa a bar ta gida kawai. Ni kuwa da sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, maganar nan tana ci mini rai.

A aji biyu aka kawo musu wata malama mai zuwa da ƙwarya rufe da faifai. Takan ajiye ta kan tebur, yara su yi ta cankar abin da ke ciki, ba ta buɗewa sai an kusa tashi. Wata rana ƙwan zabo ne, wata rana mazari. Washegari a kansa za a yi darasi.

Da cirar gyaɗa ta zo, mahaifinta ya ce yau gona za ta bi mu.

Ta ce, "Baba, to wa zai gano mini ƙwaryar?"

Ya yi dariya, ya ɗora ta a babur ya kai ta. Da yamma shi ya fara tambaya, "Auta, me aka samu?"

"Gyaɗa ce, Baba, har da saiwarta."

Bai sake zancen barin ta gida ba.